Ƙanena Mai Duba Madubi, da Buhunan Irinmu Goma Sha Biyu

Shekara shida ke nan a wannan watan da rasuwar ƙanena Sa'idu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da shekara huɗu. A Ruwan Bago aka haife mu, a nan kuma aka rufe shi, amma tsakanin haihuwar da rufewar ya yi nisan da babu wanda ya taɓa yi a danginmu. Ranar da ya rasu ban iya rubuta sunana ba. Yau da hannuna nake rubuta wannan, a hankali, cikin littafin ajinmu na yaƙi da jahilci.

Mahaifinmu ya sa shi makarantar boko ne saboda ba ya jure wa rana. Da an kai hantsi a gona sai kansa ya ɗau ciwo. Ni aka bari da garma, ban kuma taɓa jin an cuce ni ba, don ina son noma har yau. Shi kuwa ya bi karatu daga firamare zuwa sakandare a Ƙaraye, daga nan jami'a, daga nan wata ƙasa can gabas mai nisa, inda ya ƙara karatu har suka riƙe shi aiki. Shekaru da yawa ba mu san takamaiman abin da yake yi ba. An dai ji aikin ya shafi waya, sai gari ya yanke hukunci cewa gyaran waya yake yi wa mutanen can. Duk zuwansa gida sai an tara masa matattun wayoyi a zaure, wata babu batir, wata ta faɗa rijiya. Yakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dariya, ya ce wallahi masu gyara na bakin kasuwar Ƙaraye sun fi shi sanin wannan. Mutane su fita suna cewa boko ta sa masa rowar ilimi.

Sai a zuwansa na ƙarshe da lafiya na zaunar da shi. Ƙarshen bazara ne, muna tsakar gida a inuwar darbejiya, mahaifiyarmu Inna tana ɓarar gyaɗar shuka da hannu tana ware ƙananan ƙwayoyi gefe. Na ce masa yau dai ya gaya min aikin nan da Hausa, yadda in an tambaye ni zan iya ba da amsa.

Ya ce a cikin kowace waya akwai wani ɗan abu da bai wuce farcen babban yatsa ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. A jikinsa akwai hanyoyin wuta da ba sa ƙirguwa, sirara ƙwarai, har in ka ajiye gashin kai ɗaya kusa da su sai ya zama kamar gungumen kuka. Ba da hannu ake zana su ba, da haske ake. Ana yin zanen sau ɗaya a kan wani madubi mai kusurwa huɗu wanda faɗinsa bai kai taƙi ba. Sai a haska madubin, hoton zanen ya sauka a ƙanƙance kan wani faifai, a matsa gaba a sake haskawa, a matsa a sake, ba tsayawa. Madubi ɗaya shi ke haifar dubbai.

"Ni aikina, Yaya, duba madubin nan kafin a fara," in ji shi. "In akwai aibi ɗaya a jikinsa, duk abin da ya haifa da aibin zai fito."

Inna ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ashe tsintar iri kake yi. Don wannan ka tafi bangon duniya? Da ka zauna nan na koya maka."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekararsa goma yana neman yadda zai faɗa, ga shi Inna ta gama da magana ɗaya. Ya nuna mana hotonsa a wurin aiki, an lulluɓe shi da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani, don ko ɓurɓushin fatar mutum ya faɗa kan madubin tamkar an ajiye dutse ne a kan hanya.

Amma abin da ya zauna min a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya ce hasken da suke aiki da shi ba irin wanda muka sani ba ne. Ido ba ya ganinsa. Iska tana shanye shi, gilashi ma yana shanye shi, shi ya sa sai an zuƙe iskar cikin na'urar kaf, kuma shi ya sa zanen yake kan madubi, don hasken ba ya ratsa komai, sai dai ya buga ya dawo. Madubin kansa shimfiɗa ce kan shimfiɗa, wajen hawa tamanin, kowace ta fi saƙar gizo siranta nesa ba kusa ba. Wani lokaci tun kafin a fara shimfiɗawa akwai ɗan ƙurji ko ɗan rami a ƙasa. Shimfiɗun su hau kansa su rufe shi, sama ta yi sumul. Ka duba da fitilar dubawa ta yau da kullum, ba za ka ga komai ba. Amma hasken aikin yana nutsawa cikin shimfiɗun kafin ya dawo, sai ya dawo a karkace, zanen ya lalace. Ya ce irin wannan aibin ba a tabbatar da shi sai an duba da ainihin hasken da za a yi aikin da shi. A lokacin kuwa na'urar da za ta duba madubin da aka gama zanawa da wannan hasken ba ta kammalu ba, suna ta dabaru da abin da ke hannu, kuma na ga abin yana damunsa kamar yadda jinkirin ruwa yake damun manomi.

Na tambaye shi ko zubar da madubin suke yi in sun ga aibi. Ya ce ina, ai madubin da babu aibi ko ɗaya a jikinsa samunsa da wuya. Abin da suke yi shi ne su zana taswirar inda kowane aibi yake. Wani a gyara shi. Wani a bar shi, don sun auna sun ga ba zai fito a zanen ba. Wanda ke binne kuwa, tunda zanen yana da wurare masu duhu da ba sa mayar da haske, sai a ɗan gusa zanen har aibin ya faɗa ƙarƙashin duhun, inda ba zai cuci kowa ba. Ya ce nemo aibin rabin aiki ne kawai, sauran rabin shi ne sanin inda za a ajiye shi.

Bayan wannan zaman da shekara ɗaya da 'yan watanni aka dawo mana da shi ba lafiya. Ciwon hanta ne. Bai kai wata uku ba. Ya bar mata da 'ya ɗaya, Asma'u. Inna ta bi shi bayan shekara biyu, Allah ya haskaka kabarinsu.

Bai taɓa matsa min kan karatu ba. Sau ɗaya dai ya ce da na iya, da ya riƙa rubuto min abubuwan da ba sa faɗuwa a waya. Bayan rasuwar Inna na shiga aji. Muna zama bayan la'asar, kwana uku a mako, mu goma sha huɗu, da yawanmu da furfura. Na yi wata huɗu kafin hannuna ya daina riƙe biro kamar ƙotar fartanya. Ban yi sauri ba, ban kuma tsaya ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Waya ta shiga hannun kowa, har tsofaffin da suka rantse ba za su taɓa ta ba. Matasanmu suna yi wa waya tambaya kan ciwon tumatir tana ba su amsa kamar mutum. A rediyo ana cewa manyan ƙasashe suna ta ja-in-ja kan ƙwaƙwalwar na'urorin nan, abin da ƙanena yake zaune a kansa tun muna ɗaukarsa mai gyaran waya. Asma'u, wadda yanzu take jami'a a Kano, ta gaya min cewa na'urar da babanta yake jira ta fito, ana duba madubai da ita. Na san da zai yi murna, na kuma san da ba zai jima yana murnar ba zai fara tambayar abin da ita ma ba ta gani. Haka yake.

Amma ba don waya na ɗauki biro ba. Don abin da ya faru da mu bana ne.

Muna da ƙungiyar manoman gyaɗa, gida talatin da ɗaya. Bara muka haɗa iri mai kyau wuri ɗaya don a raba in damina ta zo. Shugabanmu Baba Ilu ne, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda duk yankin aka yarda babu mai idonsa wajen sanin iri. Kuma surukina ne, mahaifin matata Hajara. A al'adarmu gyaɗar shuka a cikin ɓawonta ake barinta a rumbu, sai ruwa ya kusa mata su zauna su ɓare da hannu. Baba ya ga wahalar ta yi yawa, ga injin ɓara ya zo gari, sai ya sa aka ɓare duka tun bayan kaka, aka zuba a buhunan leda goma sha biyu, aka jera a sabon sitonsa mai rufin kwano da ya ba ƙungiya aro. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba.

Da bazara ta yi nisa aka ba ni makulli in je in rubuta sunayen gidaje a jikin buhunan, tunda yanzu ni ne mai biro. Da rana tsaka na je. Ina buɗe ƙofa wani zafi ya buge ni a fuska kamar na leƙa tanderun burodi. Na kwance buhu ɗaya na ɗebo. Ƙwayoyin jajaye, manya, sumul, babu ƙwaro babu ruɓa. Ko Inna ce ta gan su za ta sa albarka. Na tsaya da su a tafin hannu, sai madubin Sa'idu ya faɗo min a rai. Idona ne ya ce lafiya lau. Amma ba ido ne zai tsirar da su ba, ruwa ne da ƙasa.

Na sha jin malaman gona a rediyo suna faɗin yadda ake gwada iri, ban taɓa yi ba, don a ganina wannan na waɗanda ba su gaji noma ba ne. Ranar na yi. Na sa wa kowane buhu lamba, ɗaya zuwa goma sha biyu. Na zana siton a takarda, na nuna inda kowanne yake, na sama da na ƙasa, na jikin bango da na tsakiya. Daga kowane buhu na ɗebi ƙwaya ashirin. A gida na yayyanka tsohon buhun algarara gida goma sha biyu, na jiƙa, na naɗe ƙwayoyin a ciki, na ɗaura wa kowane naɗi guntun roba mai lambarsa, na ajiye a inuwa bayan randa.

Hajara ta tsaya tana kallona, ta tambayi ko wani sabon magani ne malamin ajinmu ya ba ni. Da na gaya mata sai fuskarta ta canja.

"Malam, irin Baba kake gwadawa? In ya fito ba kyau fa? Kai da ko haɗa ido ba ka yi da shi, da wane bakin za ka faɗa?"

Na ce mata ban sani ba tukuna. Ta ce ita dai babu ruwanta. Amma kwana bakwai da suka biyo baya, duk lokacin da na dawo daga gona sai in tarar an yayyafa wa naɗin ruwa.

Rana ta takwas muka kwance su tare. Bakwai sun yi kyau, saiwoyi farare sun huda algarara, sha bakwai, sha takwas, wani har sha tara cikin ashirin. Biyar kuwa abin tausayi. Wani huɗu suka tsira, wani shida, ɗaya uku kacal, sauran sun kumbura sun yi laushi suna wari. Na ɗauko takardata na duba. Duk biyar ɗin su ne na saman jeri, dab da kwano, da na jikin bangon yamma inda rana take dukan siton har magariba.

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. In na yi shiru aka raba, gida goma sha biyu ko fiye za su shuka gawa, kuma ba za su sani ba sai bayan mako biyu, lokacin da ruwan shuka ya wuce, babu wani irin da za a koma wa. In na yi magana a taro, na tsaya gaban jama'a na ce wa mahaifin matata idonsa bai gani ba. Shekara ashirin da shida ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Kwana biyu ina juya abin.

Hajara ce ta kawo rabin mafitar. Ta ce mata masu ƙuli-ƙuli na unguwarsu suna da gyaɗa a ɓawo cikin rumbuna, wadda suke ɓara kaɗan-kaɗan. Su ba tsiro suke nema ba, mai suke nema, kuma ƙwayar da ta mutu a shuka ba ta mutu a mai ba. In an karɓi tasu ta ɓawo aka ba su ɓararriya ta buhu biyar ɗin, za su ma ji daɗi, an rage musu aiki. Da ta faɗi haka na kalle ta, na ce ashe ita ma ta yi aiki a ƙasar su Sa'idu. Ta ce in bar zolaya in tashi in je wurin Baba, kuma in je da hantsi kafin zauren ya cika.

Na zuba naɗin goma sha biyu a kwando na rufe da tsumma. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin ƙofa. Muka gaisa, kwana da gajiya da iyali da zafin bana, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwa ta ƙare. Na matsa na shimfiɗa naɗin a gaban tabarmarsa bi da bi, na buɗe kowanne, na koma inda nake na sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna mai uku da sandarsa ya ce, "Wannan na ina?"

Na duba takarda. "Na sama ne, Baba, jikin bangon yamma."

"Wannan fa?"

"Na ƙasa ne, tsakiya."

Ya ɗauki matacciyar ƙwaya ɗaya ya tsaga da farce, ya kai hanci. Ya ajiye. Ya ce, kamar da kansa yake magana, shekara hamsin yana duba iri da idon nan. Na ce idon bai yi ƙarya ba, daga waje lafiyarsu ƙalau, ni ma da na gani sai da na yaba. Ya tambayi wanda ya koya min wannan. Na ce yadda ake yi a rediyo na ji, amma Sa'idu ne ya sa na yi. Na ba shi labarin madubin a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, na shafa.

"Malam Habu, me ya hana ka kai wannan gaban taro?"

"Ban ga wanda zan nuna wa kafin kai ba, Baba."

Sannan ya tambaya ko buhu biyar ɗin sai zubarwa ke nan. Na faɗa masa shawarar musaya, na kuma ce ba tawa ba ce, ta 'yarsa ce. A nan ne na ga ya ɗan yi murmushi. Ya ce tun tana ƙarama ba ta barin komai ya tafi a banza. Ya ce in bar kwandon a nan.

Washegari bayan la'asar, a ƙofar masallaci, shi da kansa ya sa aka shimfiɗa naɗin a gaban kowa. Ya ce inji da kwano shawararsa ce, kuma ga abin da ta haifar, kada a nemi wani mai laifi. Wasu suka yi gunaguni cewa ƙwaya ashirin ba ta isa a yanke wa buhu hukunci ba. Baba ya ce duk mai shakka ga buhu mai lamba tara nan, ya ɗauka ya kai gonarsa, babu mai hana shi. Babu wanda ya motsa. Wani abokin wasana ya ce ga Habu nan ya shiga boko da furfura ya dawo yana yi wa gyaɗa jarrabawa, saura ya fara ba ta sakamako a takarda. Na ce ai ga takardar a aljihuna. Aka yi dariya, taron ya saki.

Cikin kwana uku aka yi musayar. Gyaɗar matan ma sai da na gwada ta kafin a karɓa, ta kuwa ci. Mata suka zauna suka ɓare da hannu kamar da. Ruwan shuka ya sauka muna da iri a hannu. An kuma yanke cewa na baɗi a ɓawonsa zai kwana a rumbu, kuma ba za a raba ko mudu ɗaya ba sai an jiƙa algarara.

Idan na auna abin da ya rage na ƙanena, ba shi da yawa a ido. Bai gina bene ba. Sunansa ba ya jikin kowace waya, duk da ban san iyakar wayoyin da suka fito daga madubin da ya duba ba. Mutanen da yake yi wa aiki sun sa wani a gurbinsa, haka duniya take. Akwai Asma'u, mai irin shirunsa da irin tambayoyinsa. Sai kuma wata ɗabi'a da ya bar min ba tare da ya san ya bari ba: kada in yarda da kyan abu sai na tambayi abin da zai yi aiki da shi, kuma in na sami aibi kada in tsaya ga nuna shi, in nema masa inda ba zai cuci kowa ba, har da mai shi.

Shekaran jiya na bi ta gonakin da aka shuka irin musayar, har da ta Baba Ilu. Layuka sun haɗe, ganye ya rufe ƙasa, babu gurbi ko ɗaya. Baƙo in ya wuce ba zai ga komai ba, sai gyaɗa da ta fito yadda ya kamata. Ba zai san akwai buhu biyar da ba su zo nan ba. Na tsaya a bakin kunya na gane cewa haka aikin Sa'idu yake duk tsawon shekarun nan: ranar da ya yi shi da kyau, babu abin da kowa zai gani.

Allah ya dube shi da idon rahama, ya rufe abin da ya ɓoyu na kurakuransa, ya haɗa shi da Inna da mahaifinmu a gidan da babu rabuwa. Mu kuma ya ba mu damina mai albarka.